Keken Kumandan ba abin kunya ba ne

Tun jiya da aka tashi daga addu'ar bakwai ta marigayi Kumandan, matuƙin jirgin saman nan na garinmu Garwa, zuciyata ba ta kwanta ba, kuma tun da a bainar jama'a aka yi maganar da ta ɓata mini rai, a bainar jama'a zan amsa ta. Waɗanda suke ƙarƙashin rumfa sun ji da kunnensu lokacin da wani dattijo, wanda furfurarsa ta hana ni ambaton sunansa, ya ce wai Allah ya ba bawan nan matsayi da albashi, amma ya ƙare rayuwarsa a kan keke kamar ɗan makaranta, bai bar bene ba, bai bar layin shaguna ba. Na kusa da shi ya ƙara da cewa duk hawan dutsen da iyon ba su hana shi mutuwa ba. An faɗi wannan ne tabarmar gaisuwa ba a naɗe ba, babban ɗan mamacin yana zaune kansa a sunkuye. Maganar ba gaskiya ba ce, kuma ko da gaskiya ce, wurin ba nata ba ne.

Keken da aka raina shi ne ya riƙe Kumandan a kujerar jirgi kusan shekara 30. Wannan ita ce maganata, kuma zan yi ta maimaita ta har ta shiga kunnen da ya kamata ta shiga.

Mutane da yawa a Garwa suna ganin farar riga da zanen zinariya a kafaɗa, sai su ɗauka aikin matuƙin jirgi sarauta ce da ake naɗa mutum sau ɗaya ya zauna a kai har tsufa. Ba haka ba ne. Kafin a ba mutum lasisin da zai shugabanci jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500 a sama, bayan haka kuma, bisa ƙa'idar hukumar ICAO mai kula da sufurin sama ta duniya, duk shekara sai ya tsaya gaban likita an duba zuciyarsa da hawan jininsa, an gwada idonsa da kunnensa, an bincika ko ciwon suga ya fara kama shi. Idan ya haura shekara 60 binciken ya koma duk wata 6, idan ya cika 65 kuma ya sauka daga tuƙin fasinja tsakanin ƙasa da ƙasa. Likitan nan ba ya duba girman rawani, ba ya tambayar gida nawa ka gina. Ranar da ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ranar ake ajiye lasisi, ko da jiya kai ne gwanin gwanaye. To, mutumin da ya san haka, ya kuma san aikinsa zama ne na awanni a kujera ɗaya, barci ba kan lokaci ba, abinci ba kan lokaci ba, me ake so ya yi da ranakun hutunsa? Ya kishingiɗa a majalisa yana shan shayi mai suga uku har ciki ya rufe masa ƙafa? Ya zaɓi ya tashi bayan sallar asuba ya taka keke zuwa Pitowa ya dawo kafin rana ta yi zafi, kuma da wannan zaɓin ne ya riƙa wuce likita shekara bayan shekara.

Duk wanda ya taɓa hawa jirgi daga Duwala ko Yawunde zuwa nan a lokacin hunturu ya san yadda hazo ke rufe gari har a rasa ganin kogi daga sama. Duk mazaunin Garwa ya san zafin Maris da Afrilu, wanda ke wuce digiri 40, kuma Kumandan da bakinsa ya bayyana mana cewa iska mai zafi ba ta ɗaukar jirgi kamar mai sanyi, don haka sai an yi lissafin nauyi da tsawon titin tashi da idon basira. A irin wannan yanayi rayukan mutane fiye da ɗari, har da mahajjata da jarirai, suna hannun mutum biyu ne a gaba, kuma abin da ake bukata daga gare su shi ne zuciya mai bugawa daidai da kai mai sanyi. Wanda ya kula da jikinsa saboda waɗannan rayuka amana ya riƙe. Ina da tabbacin a cikin masu zama a rumfar jiya akwai waɗanda ya sauke lafiya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ni ba labari aka ba ni. Ina cikin yaran unguwar Yelwa da yake tarawa ranar Asabar. Shi ya fara kai mu Dutsen Tingelin, yana gaba da gorar ruwa, muna baya muna haki, kuma idan muka isa sama sai ya sa mu zauna ya nuna mana yadda Binuwai ta ratsa gari, ya nuna mana ta inda jirgi ke karkatowa idan zai sauka. Yakan ce mana mu kalli gajimare mu faɗa masa ko za a yi ruwa, wanda ya canka daidai ya sami alewa. Kafin tashin hankalin da ya addabi yankin Mandara ya yi tsanani, ba ya shekara bai je Rumsiki ba, ya kwana biyu yana yawo tsakanin duwatsun Kapsiki da ƙafa, kuma na ga ɓacin ransa a shekarun da hanyar ta gagara. Dutsen Mindif na kusa da Marwa ma ya san sawunsa. Idan watan Fabrairu ya zo yakan bi labarin tseren Dutsen Kamaru na garin Buya kamar yadda wasu ke bin wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport, yana mamakin yadda mutum zai hau dutse mai tsayin fiye da mita 4,000 da gudu ya sauko a yini ɗaya. Bai taɓa shiga tseren ba, amma ya hau dutsen a hankali tare da masu jagora, ya dawo yana ba mu labarin sanyin da ya ji a ƙasar da muke zaton babu sanyi.

Maganar cewa motsa jiki bai hana shi mutuwa ba, ba ta cancanci dogon bayani ba. Wa ya taɓa cewa keke maganin ajali ne? Mai gina bene ma yana mutuwa, mai layin shaguna ma yana mutuwa. Ba a tambayar mutum me ya sa ya mutu, ana tambayarsa ne me ya yi da lafiyar da aka ba shi aro.

Maganar bene kuwa, iyalinsa suna da rufin asiri, 'ya'yansa sun yi karatu, ba wanda ya zo jiya da takardar bashi. A shekarun da manyan kamfanonin jiragen yankinmu suka durƙushe, Air Afrique a 2002, Cameroon Airlines a 2008, matuƙa da ma'aikata da dama sun shiga halin ƙunci, kuma wanda ya ci gaba da samun kujera a lokacin shi ne wanda lasisinsa ke raye, lafiyarsa kuma ba ta da tangarɗa. Ashe ko ta fuskar dukiyar da ake auna mutane da ita, keken nan jari ne.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda muka mai da rashin motsi alamar girma. Da zarar mutum ya sami abin hannu, sai a ga bai kamata ya taka ƙasa ba, ko masallacin unguwa sai a mota. Daga ina muka samo wannan? Kakanninmu fatake da ƙafa da jakuna suka taso daga Kano da Katsina har suka kafa unguwanni a Garwa da Marwa da Ngaundere. Sukuwar da ake yi a ƙofar Lamiɗo ranar salla ba aikin rago ba ce, haka kokawa da farauta da su. A addini ma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma ce mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake akwai alheri a kowannensu. Shi ne kuma ya hana zagin matattu. Alhaji, da dukkan girmamawa, kai ka fi ni sanin waɗannan, shi ya sa maganarka ta fi ta kowa nauyi a zuciyar yaron da ya rasa mahaifi kwana bakwai da suka wuce.

Allah ya jiƙan Kumandan, ya yafe masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba Hajiya da yara haƙurin rashinsa.

Akwai abu ɗaya da nake ta tunani tun ranar jana'iza. Shi ne ya koya mini iyo, ni da yara da yawa, a wurin da ruwa bai kai ƙirji ba, da rani, bayan ya tambayi masunta ta inda dorina ke kiwo. Yakan hana mu kusantar kogi da damina, musamman idan an ji labarin an saki ruwan madatsar Lagdo, kuma yakan bi gida gida ya gaya wa iyaye dalili. Yanzu ina wucewa ta gada ina ganin ƙananan yara suna faɗawa ruwa ba babba ko ɗaya a bakin gaɓa. Mu da ya koya wa mun girma, wasunmu har da 'ya'ya. Ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba zan kasance a bakin gada da kekena, kuma ina roƙon duk wanda Kumandan ya taɓa riƙe wa haɓa a cikin ruwa ya zo mu tsara yadda za mu raba ranakun tsaron yaran nan kafin ruwan bana ya cika.