Nasiha: Sammakon Jan Baki

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Tirmizi ya ruwaito daga Sayyadina Umar (RA) cewa Annabi (SAW) ya ce da muna dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro, da Ya azurta mu kamar yadda Yake azurta tsuntsaye: su yi sammako da yunwa, su dawo da yamma a ƙoshe. Yawancinmu ƙoshin muke riƙewa, mu manta da sammakon.

Ku dubi ɗan tsuntsun nan, jan baki. Tsawonsa santimita 12, nauyinsa wajen giram 20, ƙwan kaza ɗaya ya ninka shi sau biyu har da ɗori. Amma a tsuntsayen daji babu wanda ya kai shi yawa a duniya, masana na ƙiyasta su da biliyan 1.5, dukkansu a Afirka. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawa ce. Idan garke ya sauka kiwo, na baya ba sa tsayawa inda aka riga aka tsince. Tashi suke yi su tsallake kan na gaba su sauka, waɗanda suka zama na baya su ma su yi haka, sai ka ga garken yana mirginawa kamar hayaƙi a kan ƙasa. Kowa yana samun layin gaba, babu mai fisgar na bakin wani. Suratul An'am, aya ta 38, ta kira tsuntsaye al'ummomi kamarmu.

Lokacin da ya fi yi masa wuya shi ne saukar ruwan farko, daidai lokacin da mu muke murna. Ƙwayar da yake tsinta duk ta tsiro, ƙasa ta yi kore, shi kuwa babu na ci. Sai ya cika cikinsa da shinge da tsutsa ya tara kitse, ya bar yankin Tafkin Chadi ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa kudu, inda damina ta riga sauka, ciyawa ta fara 'ya'ya. Daga nan ya biyo sabuwar ƙwaya ya koma arewa ya yi sheƙa a cikin ƙaya. Namiji ne magini, kwana 2 zuwa 3 ya saƙa ta da ɗanyar ciyawa. Mace ta saka ƙwai, galibi 3, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 10 ko kusa da haka, uwa da uba su ciyar, bayan mako 2 'ya'ya su fita. Subhanallah! Ba shi da rumbu, amma bai taɓa wuni a reshe yana jira ba. Matashin da ke wuni a majalisa daga Tudun Wada zuwa Rigasa a nan Kaduna yana cewa arziƙi na Allah ne, gaskiya ya faɗa, saura ya fita nema.

Manomi kuma nasa sammakon shi ne gadi. Jan baki ɗaya yana cin kusan giram 10 a rana, garken miliyan ɗaya ke nan ya lashe buhu 100 mai cin kilo 100 kafin magariba. Ɓarnar ta fi tsanani a Kebbi, Jigawa, Yobe da Borno. Mu a Kaduna masara ta rufa mana asiri, ƙwayarta ta fi ƙarfin bakinsa. Amma mai shinkafa a fadama da mai dawa da gero a Giwa, Makarfi ko Ikara, ko jan baki bai zo ba, dangin marai suna nan. Hatsarin yana farawa ne sa'ad da ƙwaya ta yi madara, ya ci gaba har girbi. Da sassafe da kuma bayan la'asar suke kiwo, da tsakar rana suna inuwa, don haka wanda ya iso gona da hantsi ya makara. A ja igiya a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mai gadi ya riƙa girgizawa daga kan rumfa. Mutum-mutumi kwana kaɗan yake aiki, sun gane ba ya motsi sai su sauka a kansa, sai an riƙa sauya masa wuri. A nome ciyawa, domin ita ke fara kiransu. A yi shuka lokaci ɗaya da maƙwabta, saboda gonar da ta nuna ita kaɗai ita ke ciyar da garken duka.

Idan ka yi iya yinka suka ci, kada ka zagi halittar Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Musulmin da ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi.

Kora halal ce, kamawa a yanka a ci halal ne. Abin da ke damuna shi ne guba da wasa da rai. Maganin feshin da ake kira fenthion ba ya tantancewa, shaho da shirwar da suka ci gawar su ma mutuwa suke yi, don haka tsuntsun da aka tsinta a wurin feshi kada a soya, kada a kai kasuwa. Sannan iyaye, ku duba danƙon da ke aljihun yaranku. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud (RA) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fiffike. Annabi (SAW) ya tambayi wa ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta.