19 da 31: haƙurin da ake roƙon magoya bayan Nationals duk farkon kaka

Duk wanda ya zauna a yankin Washington har ya fara bin ƙungiyar besbol ta garin, wato Nationals, ya haddace lambobi biyu ko bai so ba: 19 da 31. Da zarar an shiga watan Afrilu ƙungiyar ta fara tuntuɓe, za ka ji su a rediyo, za ka ji su a jirgin ƙasa hanyar filin wasa, har a wurin aiki. Asalinsu shi ne, ranar 23 ga Mayu 2019 Nationals ta tashi da nasara 19 da rashin nasara 31, bayan ƙungiyar Mets ta doke ta sau huɗu a jere a New York. Wata biyar bayan nan, ranar 30 ga Oktoba, ƙungiyar nan da aka fitar da rai da ita ta ɗaga kofin World Series, wato kofin zakaran besbol na Amurka, a Houston. Tun 1924 rabon birnin da wannan kofi. Daga ranar, duk lokacin da abubuwa suka taɓarɓare a farkon kaka, amsar da ake ba mu ɗaya ce: ku tuna 19 da 31, ku yi haƙuri.

Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne tun tasowa, kamar kusan kowa a unguwarmu a Kano, kuma zama ne ya sa na kamu da besbol. Ina son wannan ƙungiya. Shi ya sa nake ganin ya kamata a tantance inda wannan haƙuri yake da tushe da inda aka mayar da shi abin rufe mana baki.

Sai mutum ya fahimci tsawon kakar kafin ya gane dalilin da ya sa mutanen nan ba sa ɗaga hankali. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. A Firimiyar Ingila wasa 38 ne. Ke nan wasa 50 ɗin da Nationals ta buga kafin ta farfaɗo a 2019 bai wuce kamar wasa 12 a Firimiya ba. Kuma shi besbol an gina shi ne a kan faɗuwa. Mai bugu, wato wanda ke dukan ƙwallo da sanda, da yake dacewa sau uku cikin goma, gwani ne ana ji da shi. Ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi a shekara takan sha kashi sau kusan sittin. Seattle Mariners ta ci wasa 116 a 2001, babu wanda ya taɓa wuce haka, amma duk da haka an doke ta sau 46, kuma ko wasan ƙarshe ba ta kai ba. Gwanin masu jifanka ma, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, ba kullum yake fita ba, sau ɗaya ne a kamar kwana biyar, sauran ranakun sai ka yi da wanda ya samu.

Akwai wata dattijuwa da nakan tarar a sashen da nake zama a Nationals Park. Daren Afrilu a filin nan akwai sanyi, iska na kaɗowa daga kogin Anacostia, kujeru da yawa babu kowa. Ita kuwa tana zuwa da bargo ta lulluɓe gwiwoyinta, ta ɗora littafin rubuta maki a kai, fensir a hannu, ƙaramar rediyo a kunne. Duk wanda ya fito bugu sai ta cike masa ɗan akwatinsa a littafin, ko da an ba mu ratar maki shida. Wani dare na tambaye ta ko ta ga inda muke a teburi. Ta ce, "Ɗana, ni ba na duba teburi sai Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu." Wannan ita ce ranar hutun tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a yaƙi, kuma tsofaffin masu kallo da yawa sun ɗauke ta a matsayin ranar da aka halatta a fara yanke hukunci a kan ƙungiya. Kafin nan, kallo kawai ake yi.

A gida ba mu san wannan ba. Ka shiga gidan kallo ranar Asabar, janareta na ruri a waje, benci ya cika har wasu na tsaye a bakin ƙofa, idan Arsenal ko United ta faɗi sau biyu a jere a watan Agusta, kafin a tashi an kori koci, an sayar da rabin 'yan wasa, an naɗa sabo. Da na ba yayana labarin tsohuwar nan a waya, dariya ya yi, ya ce, "Kai dai ka zama Ba'amurke. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta." Na ce, "Yaya, wannan makon nasu kwana 162 gare shi." Ba kuma 'yan kallo kaɗai ke da wannan zafin ba. Leicester ta sallami Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, wata tara kacal bayan ya ɗauko mata kofin da ba ta taɓa mafarki ba.

A wannan gaɓar ina bayan tsohuwar. Wanda ya kalli Nationals da kyau a Mayun 2019 ya san cewa ƙungiya ce mai ƙarfi da rauni ya kwantar. Trea Turner ya karya yatsa tun 2 ga Afrilu, bai dawo ba sai tsakiyar Mayu. Anthony Rendon ya ji ciwo a gwiwar hannu, Juan Soto kuma baya ya riƙe shi. Masu jifan da ke karɓa a ƙarshen wasa su ne babban ciwon, ana gaba sai su zubar, har aka kori kocin masu jifa a farkon Mayu. Amma manyan masu jifan da ke fara wasa ba su je ko'ina ba: Max Scherzer yana nan, Stephen Strasburg yana nan, ga Patrick Corbin da aka ɗauko kan dala miliyan 140. An yi ta kiran a kori koci Davey Martinez, shugaban ƙungiyar Mike Rizzo ya ƙi. Martinez ya ci gaba da gaya wa yaransa su ci wasan yau kawai, su manta da teburi. Da marasa lafiya suka dawo, sai ƙungiyar ta ci wasa 74 cikin 112 da suka rage. A watan Yuni Scherzer ya karya hanci wajen atisaye, washegari ya fito da ido a kumbure baƙi ƙirin ya yi jifa zagaye bakwai cikin tara na wasan, Philadelphia ba ta samu ko maki ɗaya ba. Har yau idan na tuna daren nan tsikar jikina tashi take. Da an bi ta 'yan gidan kallo an yi watsi da komai a Mayu, da babu bugun Soto da ya ceto wasan Milwaukee a wasannin neman kofi na Oktoba, da babu na Howie Kendrick a Los Angeles da Houston.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce ba kowace ƙungiyar da ta fara da rashin nasara ce ta 2019 ba. Manomin da ya shuka ruwa ya yi masa jinkiri, shi ake ba haƙuri. Wanda ya kai irinsa kasuwa ya sayar, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya babu abin da zai tsiro masa. Bayan kofin, Rendon ya tafi ƙungiyar Angels. A Yulin 2021 aka miƙa Scherzer da Turner ga Dodgers. A Agustan 2022 aka tura Soto San Diego yana ɗan shekara 23, bayan ya ƙi tayin dala miliyan 440 na shekara 15. Dole in yi wa masu ƙungiyar, iyalan Lerner, adalci: sun ba Strasburg dala miliyan 245 don ya zauna, ciwo ya hana shi, wasa takwas kacal ya ƙara bugawa har ya yi ritaya. Wannan asara ce da za ta sa kowa ɗari-ɗari. Amma sakamakon yana nan a rubuce: rashin nasara 97 a 2021, 107 a 2022, 91 a 2023, 91 a 2024, 96 a 2025. A duk waɗannan shekaru an tuna mana da 19 da 31 a Afrilu, alhali kowa na kallon jerin 'yan wasan ya san babu wani Scherzer da ke kwance yana jiran warkewa.

Anan ne nake ganin ƙwallonmu ya fi nasu gaskiya, duk da gaggawarsa. A besbol babu faɗawa ƙaramin rukuni. Ƙungiyoyi 30 ne, kuma su 30 ɗin ne baɗi, komai lalacewarka. Chicago White Sox ta sha kashi sau 121 a 2024, amma shekara na zagayowa ta fito a babban rukuni kamar ba a yi komai ba. Ba ma haka kaɗai ba, wanda ya fi faɗuwa shi ya fi samun damar zaɓen matasan 'yan wasa mafi hazaƙa. Ita kanta Nationals ta haka ta samu Strasburg a 2009 da Bryce Harper a 2010, bayan ta yi rashin nasara sama da ɗari shekara biyu a jere. An ɗan gyara tsarin, yanzu ƙuri'a ake jefawa tsakanin na ƙasa, amma tushen bai canja ba. Mai ƙungiya zai iya yanke shawara tun cikin hunturu cewa bana ba za a yi gasa ba, ya rage kashe kuɗi, ya kira abin sake gini, kuma babu hukuncin da zai hau kansa. Mai sayen tikiti ne ke biya.

Mu kuwa mun ga abin da ya samu Kano Pillars. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin Najeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ita ce ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022. Ina nan nesa, amma ranar sai da na kasa cin abinci. Wayata ba ta huta ba, kowa na Kano na faɗin albarkacin bakinsa, ana kiran sunayen masu laifi ɗaya bayan ɗaya. Abin kunya ne ga gari gaba ɗaya, kuma kunyar nan ce ta hana kowa zama, har Sai Masu Gida ta dawo bayan kaka ɗaya. Leicester ma, da kofinta na 2016, ta nutse a 2023. A ƙwallon ƙafa babu shugaban da zai fito ya ce ku ba ni shekara biyar ina faɗuwa, domin kafin shekara biyar ɗin ƙungiyar ta ɓace daga idon duniya. Zafin kan ɗan gidan kallo a watan Agusta yana da dalili, ya san ramin da ke ƙasa na gaske ne. Natsuwar Ba'amurke a Afrilu kuwa, wani ɓangarenta sanin wasan ne, wani ɓangaren kuma sanin cewa babu ramin.

Kakar 2025 ta nuna min abin ƙarara. An fara ta da fata, kuma fatan ba na banza ba ne. Yaran da aka karɓo a madadin Soto sun fara nuna kansu: James Wood, dogo mai bugun da ke tsallake katanga ta kowane ɓangare, CJ Abrams mai gudu, da MacKenzie Gore da ya yi ta fitar da masu bugu a watannin farko. Har ƙarshen Mayu ƙungiyar na dab da daidaita nasara da rashinta, mu ma muka fara ɗaga kai. Amma mai ido ya ga cewa bargon gajere ne. Bayan waɗannan yara babu wasu manya da aka kashe kuɗi aka kawo su tallafa musu, kuma masu jifan ƙarshen wasa sun ci gaba da zubar da abin da aka tara. A Yuni aka yi rashin nasara 11 a jere. Ranar 6 ga Yuli aka kori Martinez da Rizzo tare, mutanen nan biyu da suka ƙi firgita a 2019. A wannan hunturun da ya gabaci kakar ne Soto ya sa hannu da Mets, maƙwabciyarmu a rukuni, kan dala miliyan 765.

Ban yarda cewa korar ta zo da wuri ba, kuma ban yarda cewa su kaɗai ke da laifi ba. Koci ba ya sayen ɗan wasa da kuɗin aljihunsa. Iyalan Lerner sun sanar a 2022 cewa suna duba yiwuwar sayar da ƙungiyar, a 2024 suka ce sun fasa. Tsakanin waɗannan shekaru ƙungiyar ta zauna kamar marar uba, kuma duk Afrilu mu ake cewa mu yi haƙuri.

Saboda haka yanzu idan kaka ta buɗe, na yarda da tsohuwar, ba na duba teburi sai ƙarshen Mayu. Amma akwai abin da nake dubawa tun ranar farko, kuma ba ya bukatar jiran wasa 50: wa aka kawo a hunturu, nawa aka kashe, su wa ke zaune a benci idan babba ya ji ciwo, kuma wa za a miƙa wa ƙwallo a zagaye na takwas idan muna gaba da maki ɗaya. A 2019 waɗannan tambayoyi suna da amsa, in ban da ta ƙarshe, ita ma Rizzo ya nemo mata magani a ƙarshen Yuli da ya ɗauko Daniel Hudson daga Toronto, kuma Hudson ɗin ne ya jefa ƙwallon ƙarshe a Houston. Ranar da masu Nationals suka sake haɗa ƙungiya irin wannan, ko ta fara da rashin nasara 31 zan zauna cikin sanyin Afrilu in jira ta. Kafin nan zan ci gaba da zuwa filin saboda yaran da ke wasa, amma kada wanda ya ƙara karanto min 19 da 31 a kan ƙungiyar da tun a Janairu aka san ba a gina ta don ta kai Oktoba ba.