Matuƙan jirgin ruwan Lewis da suka halaka a ƙofar gida

Ranar 1 ga Janairu, sa'ad da duniya ke shagalin sabuwar shekara, mutanen tsibirin Lewis da ke arewa maso yammacin Sikotland suna tuna mamatansu ne. A wannan rana ta shekarar 1919, da tsakar dare, jirgin sojan ruwan Birtaniya mai suna Iolaire ya daki duwatsun Holm daf da tashar Stornoway, babban garin tsibirin, mutum fiye da 200 suka rasu cikin kimanin 280 da ke ciki.

Yawancinsu masunta ne da ƙananan manoma daga ƙauyukan tsibirin, waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunar ruwa ta ko-ta-kwana, suka tsira daga nakiyoyi da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, aka kuma sallame su hutu bayan tsagaita wutar 11 ga Nuwamba 1918. Sun taso za su koma gida daga Kyle of Lochalsh, wata tashar ruwa a gaɓar yammacin Sikotland, a jirgin da kwale-kwalen cetonsa na mutum 100 ne kacal. A gida mata sun yi shara, sun ɗora girki, sun fito wa mazajensu da tufafin farar hula, amma da gari ya waye gawarwaki igiyar ruwa ta yi ta turowa gaɓa. John Finlay MacLeod, mutumin yankin Ness na tsibirin, ya yi iyo da igiya har bakin gaɓa, ta hanyarta kimanin mutum 40 suka kuɓuta, wani kuma mai suna Donald Morrison ya kwana rungume da turken jirgin har safiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun da ya biyo baya. Rundunar ruwa ta yi bincikenta, ta ɓoye sakamakon har 1970, alhali iyaye da zawarawa suna da haƙƙin sanin yadda 'ya'yansu da mazajensu suka mutu. Mutanen Lewis su ma sun kame bakinsu don tsananin ciwo, har aka yi kusan shekara 40 kafin a gina dutsen tunawa a Holm. Shirun masu makoki ina girmama shi, amma na hukuma zalunci ne, domin ya bar talakawan karkara da tambayar da babu mai amsa musu.

Mutum 200 a lissafin yaƙin da ya ci miliyoyi ba su taka kara sun karya ba, sai dai a tsibirin da mazaunansa kusan 30,000 ne, wanda yaƙin ya riga ya ci masa samari wajen 1,000, kusan babu ƙauyen da bai yi rashi ba. Shi ya sa a taron cika shekara 100 da aka yi a 2019, halartar Yarima Charles na Birtaniya da Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sikotland ta lokacin, ba ta burge ni kamar aikin ƙungiyoyin tarihi na ƙauyukan ba, waɗanda suka bi mamatan ɗaya bayan ɗaya, suka tattara sunan kowa da ƙauyensa da gidan da ya fito.