Laifin sahu a ƙwallon jami'o'in Amurka: dokar tana da kyau, ma'aunin ne ya rarrabu

Duk wanda ya saba kallon ƙwallon Amurka ta jami'o'i ya taɓa ganin haka. Mai jefa ƙwallo ya cilla ta yadi arba'in, abokinsa ya cafke ya sheƙa har gidan abokan hamayya, fili mai cin mutum dubu tamanin ko ɗari ya kaure da sowa, sai kyamara ta komo baya ta hasko wani ɗan ƙyalle mai ruwan ɗorawa, wanda alƙali ke jefawa idan ya ga laifi, yashe a kan ciyawa. Babban alƙali mai farar hula ya kunna makirufo, ya ce sahun masu kai hari bai cika ƙa'ida ba. An soke maki shida, an ja su baya yadi biyar, a sake. Ba a yi wa kowa ƙeta ba, ba a riƙe rigar kowa ba. Wani ƙato ne guda ya tsaya taku ɗaya a bayan inda ya kamata ya tsaya.

Magoya baya kan ce dokar ce ba ta da ma'ana. Ni ban yarda da su ba. Dokar tana da tushe kuma ta cancanci a kare ta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tsayuwar da aka hukunta a wannan fili yau, ita ce aka kawar wa kai a wani fili a daidai wannan lokaci, kuma babu wanda zai fito ya gaya wa jama'a wane alƙalin ne ya yi daidai.

Ga abin da littafin dokokin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ya tanada. Cikin 'yan wasa goma sha ɗaya masu kai hari, waɗanda za su tsaya a baya ba za su wuce huɗu ba, ke nan bakwai suna kan sahun gaba. Aƙalla biyar daga cikin na sahun dole su sa riguna masu lamba daga 50 zuwa 79, kuma waɗannan ba a jefa musu ƙwallo. Na ƙarshen sahu ta dama da ta hagu ne kaɗai ake iya jefa wa, tare da na baya. To yaya ake gane mutum yana cikin sahu? Sai ya fuskanci gidan abokan hamayya, kafaɗunsa a daidaice, kuma kansa ya ƙetare wani layi da ake ƙiyastawa ta ƙugun ɗan tsakiya, wato wanda ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Layin nan ba a zana shi a ƙasa ba. A idon alƙali yake.

Dokar bakwai a sahu da jini aka same ta. A farkon ƙarni na ashirin ƙungiyoyi kan tara ƙarti a baya, su taho a guje a dunƙule su afka wa mutum ɗaya. A shekarar 1905 kaɗai an ba da rahoton mutuwar 'yan wasa kimanin 18, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ya ce a gyara wasan. Daga wannan rikici aka kafa hukumar da ta zama NCAA, kuma a gyaran 1910 aka wajabta mutum bakwai a sahu. Yau amfanin dokar ya ƙaru. Masu tsaron gida suna da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai su duba jeri su gane wa ake iya jefa wa ƙwallo, wa ba a iyawa. Idan sahu ya zama na ga-ni-ka-she-ni, an ɗaure musu hannu tun kafin a fara.

Sai a dubi wanda aka fi kamawa da wannan laifi, wato ƙaton da ke gadin gefen sahu. Nauyinsa kan kai kilo 140. A gabansa, can ta waje, akwai mai farautar mai jefa ƙwallo, wanda ya fi shi sauƙin jiki da gudu nesa ba kusa ba. Da an miƙa ƙwallo, mafaraucin zai yanko ta gefe, shi kuwa ƙaton dole ya ja da baya da baya ya tare shi kafin ya sha kwana. Saboda haka kowane ɗan taƙi da ya sata kafin a fara riba ce. Za ka ga ya miƙe ƙafarsa ta waje can baya, ya ɗaga ƙirji, ya ɗan sunkuyar da kwalkwalinsa gaba don a ce kansa ya kai ƙugun ɗan tsakiya. Na kusa da shi ma ya ɗan ja baya, shi kuma ya auna kansa da na kusan, ba da ɗan tsakiya ba. Kafin ka ankara sahun da ya kamata ya miƙe ya lanƙwashe. Masu horarwa sun san da haka sarai, suna kuma gwada kowace tawagar alƙalai tun farkon wasa su ga iya inda za a bar su su kai.

Alƙalai takwas ne ke fili a manyan wasannin jami'o'i, amma biyu ne ke tsaye a ƙarshen layin karo, wato layin da ƙwallo ke ajiye kafin a miƙa ta, ɗaya a kowane gefe, kuma su ne ke da alhakin sahu. Mutum yana bakin fili, yadi ashirin ko fiye daga ɗan tsakiya, yana leƙen ƙugu ta tsakanin jikkunan ƙarti, a lokaci guda yana lura da wanda ya motsa kafin lokaci, da wanda ya ƙetare layi, ga mai horarwa yana masa ihu a kunne. Ƙungiyoyi da yawa kuma ba sa jira, suna jeruwa su miƙa ƙwallo cikin hanzari. Aikin ba sauƙi, kuma ban ga amfanin zagin mutumin da ke yin sa ba.

Saboda wannan wahalar ne wata al'ada ta kafu, wadda ba ta cikin littafi. Mai cafke ƙwallo idan ya je gefe yakan nuna alƙali da hannu, alƙalin ya yi masa alama cewa yana kan sahu ko yana baya. Idan mai gadin gefe ya fara zamewa, alƙali kan je ya raɗa wa mai horarwa cewa ya sa yaronsa ya matso. Alƙalai suna ɗaukar wannan a matsayin rigakafi, kuma niyyar mai kyau ce. Amma gargaɗi nawa ake yi kafin a jefa ƙyalle? Ɗaya? Uku? Idan saura minti biyu a tashi kuma maki ya yi kunnen doki, gargaɗin yana nan ko ya ƙare? Wata tawaga za ta yi ta lallashi har a tashi, wata kuma tun harin farko za ta hukunta. Kowacce za ta iya kare kanta, domin babu rubutaccen abin da za a kama ta da shi.

Ko gasar ƙwararru ta NFL, mai ƙungiyoyi 32 da ofishin alƙalai ɗaya tal, ta sha wannan ɗaci. A Disambar 2023 an soke wa Kansas City maki shida a wasanta da Buffalo saboda Kadarius Toney ya tsaya ƙafarsa ta wuce layi. Mai jefa ƙwallonsu Patrick Mahomes da mai horarwa Andy Reid ba su musanta tsayuwar ba sosai, kukansu shi ne ba a gargaɗe su ba kamar yadda aka saba. A wasan buɗe kakar 2024 kuma aka yi ta jefa wa Ronnie Stanley na Baltimore ƙyalle kan sahu, alhali shekara guda kafin nan, a wasan buɗe kaka, an bar Jawaan Taylor na Kansas City yana tsayawa can baya duniya tana kallo.

Idan gida mai shugaba ɗaya ya sha haka, ina ga jami'o'i? Ƙungiyoyin babban mataki sun haura 130, an kuma karkasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni, SEC ne ko Big Ten ko Big 12 ko ACC, shi ke ɗaukar alƙalansa, ya horar da su, ya ba su maki, ya hukunta su ko ya rufa musu asiri. Akwai mai daidaita alƙalanci na ƙasa baki ɗaya wanda ke fitar da bayanai da faifan koyarwa, muƙamin da aka bai wa Steve Shaw, tsohon alƙali a SEC, a 2020. Sai dai ba shi ke ɗauka ko kora ba. Littafi ɗaya ne, amma kamar kasuwa ce da kowace rumfa ke da nata mudun, kowa kuma ya rantse nasa ne cikakke. Alƙalan ma ba aikinsu ke nan na dindindin ba. Malamai ne, lauyoyi, 'yan kasuwa, da ke hawa jirgi ranar Juma'a su koma bakin aiki ranar Litinin.

Wannan tsari ya haifar da abin da ya fi kuskure muni, wato zargi. A Satumbar 2018, a wasan jami'o'in USC da Washington State, wani babban jami'in rukunin Pac-12, Woodie Dixon, wanda ba alƙali ba ne, ya buga waya ɗakin duba faifai ya sa baki a hukuncin wani karo da aka yi wa mai jefa ƙwallon USC a ka. Da labarin ya fasu, shugaban rukunin na lokacin, Larry Scott, ya amsa cewa an yi kuskure. A Oktoban 2024, a wasan Teksas da Jojiya, alƙalai sun yanke hukunci a kan Teksas, 'yan kallo suka yi ruwan robobi a fili, a cikin wannan tsaikon alƙalan suka tattauna suka janye hukuncin. SEC ta ci Teksas tarar dala 250,000, amma duk ɗalibin da ke kallo ya ga abin da jifa ya haifar. A Satumbar 2025 kuma wani ɗan wasan Oklahoma ya yi kamar zai fita daga fili, ya laɓe a bakin layi, aka jefa masa ƙwallo ya ci Auburn maki shida. Daga baya SEC ta ce dabarar haramtacciya ce kuma alƙalanta sun rasa ta. Oklahoma ta ci wasan 24 da 17. Wannan ma batun jeri ne, na gane wa ke tsaye a ina kafin a miƙa ƙwallo. A duk waɗannan, rukunin da ke cin riba idan ƙungiyarsa ta kai gasar fitar da zakara shi ne mai binciken kansa. Ban ce akwai maguɗi ba. Na ce tsarin bai bar wa rukunin hanyar wanke kansa a idon jama'a ba.

Akwai masu cewa a bar yara su yi wasa, taku guda ba ya canza komai. Da haka ne da masu horarwa ba su ɓata lokaci suna koyar da satar takun ba. Akwai kuma masu cewa a miƙa wa na'ura, a zana layi a kwamfuta kamar yadda ake yi wa satar gida a ƙwallon ƙafa. Masu bin gasar Firimiya ta Ingila sun san yadda wannan ya kasance: an samu daidaito a kan yatsan ƙafa, an rasa ɗokin murnar cin ƙwallo. Wasan jami'o'in Amurka ya riga ya haura awa uku, kuma ana jera sahu fiye da sau ɗari a wasa guda. Tsayawa auna kowanne zai kashe shi.

Gyaran da nake gani ya fi wannan sauƙi, sai dai yana taɓa iko. A rubuta al'adar gargaɗin nan ta zama doka: gargaɗi ɗaya ga kowace ƙungiya kan zamewar sahu, babban alƙali ya faɗe shi a makirufo kowa ya ji, daga nan duk wanda ya sake a hukunta shi, ko a minti na farko ko a na ƙarshe. Akwai irin wannan tuni, domin ana yi wa ƙungiya gargaɗi a bayyane idan mutanenta suka cika bakin fili. Da haka mai horarwa ba zai ce an shammace shi ba, alƙali ma ya huta da zaɓar lokacin da zai yi tsanani.

Babban gyaran kuwa shi ne a cire alƙalai daga hannun rukunoni a mayar da su ƙarƙashin hukuma ɗaya, mai ɗauka, mai horarwa, mai ba da maki, mai tura tawaga kowane fili ba tare da duba rukuni ba. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin tuni SEC ke haɗa alƙalanci da rukunin Sun Belt, Big Ten kuma da rukunin MAC. Hukumar ta riƙa fitar da adadin laifin sahu da kowace tawaga ta hukunta da waɗanda ta rasa, yadda idan wata ta yi nisa da saura za a gani tun a Satumba. A kuma ɗauki aƙalla shugabannin tawagogi aiki na dindindin. Kada a kawo zancen kuɗi. Big Ten ta ƙulla cinikin talabijin na kimanin dala biliyan 7 a 2022, kuma daga 2025 an yarda kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekara.

Lokaci ma ya matsa. Tun 2024 ƙungiyoyi 12 ke shiga gasar fitar da zakara, kuma a can tawagar alƙalai daga wani rukuni daban ake turowa don kauce wa son kai. Ma'ana, yaron da ya yi wata uku yana tsayawa taku ɗaya a baya ba wanda ya ce masa uffan, zai iya haɗuwa a Disamba da alƙalin da bai taɓa lamuntar haka ba, a wasan da idan an faɗi an tafi gida ke nan. Ikon canza wannan yana hannun shugabannin rukunoni, musamman Greg Sankey na SEC da Tony Petitti na Big Ten, waɗanda muryarsu ta fi ta kowa nauyi a tsarin gasar. Sun iya zama tare su raba kuɗin talabijin da gurabun shiga gasa, don haka za su iya zama su miƙa alƙalansu ga hukuma ɗaya kafin kaka mai zuwa.