Rani ma na Allah ne

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun yau zai ɗan yi tsawo, tun jiya da dare abin yake cina a rai na kasa barci sai da na tashi na ɗauki waya.

Jiya bayan mun tashi daga koyon waƙa wata ƙanwata a kwaya ta riƙe ni a bakin ƙofar coci, ga sanyin nan namu na Jos yana kaɗawa kowa na sauri ya tafi gida, ta ce Anti ina da magana. Wai wata biyar kenan in ta durƙusa addu'a kaman da bango take magana, ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta karanta sura guda ta rufe ba abin da ya zauna, waƙoƙin da a da suke sa ta hawaye yanzu baki ne kawai ke yi zuciya tana can wani wuri. Sai ta ce, "Anti, anya Allah bai gaji da ni ba?" Ta yarda in yi maganar a nan in dai ban kama suna ba, don na gaya mata ba ita kaɗai ba ce.

Ni ma na taɓa yin wannan tambayar. Na karɓi Yesu ina sakandare a taron FCS, wato ƙungiyar ɗalibai Kirista, kuma waɗanda suka san ni lokacin za su shaida, wuta ce kawai, azumi, addu'ar dare, bin 'yan Sabon Rai ƙauye ƙauye wa'azi, ko gajiya ba na ji. A tunanina haka rayuwar bi take har mutum ya koma ga Ubangiji. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce 'yata akwai rani a gaba. Da ya zo kuwa ya zo da nauyi, mamana ta rasu, cikin shekarar maigidana ya rasa aiki, ga kuɗin makarantar yara ga haya, na yi kusan shekara biyu ina zuwa sujada ina sa kayan zumuntar mata ina tafi ina rawa amma cikina a bushe ƙayau.

Abin da ya fi min ciwo shi ne maganganun wasu masu bi. Wannan ya ce ki binciki kanki akwai zunubin ɓoye, wancan ya ce bangaskiyarki ce ta yi sanyi ki hau dutse ki yi azumin kwana bakwai. E, gaskiya ne wani lokaci zunubi ne ke toshe mutum, Dawuda da bakinsa ya faɗa a Zabura 32 yadda ya rame da ya ƙi furta laifinsa, in kuwa haka ne maganin tuba ne ba wani kewaye-kewaye. Amma ba kullum ba fa. Abokan Ayuba haka suka dage wai sai ya yi wani abu, a ƙarshe ku duba Ayuba 42:7, da su Allah ya yi fushi. Dan Allah mu riƙa jin tsoron Allah kafin mu yanke wa mai kuka hukunci.

Wata tsohuwa ce a cocinmu Allah ya yi amfani da ita. Tana noman rani can wajen Bukuru, kabeji da karas da latas, a bakin ɗaya daga cikin kududdufan nan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa. Na je sayen ganye, ta dube ni ta ce 'yata zauna, idonki ba daidai yake ba. Na zayyana mata komai ina kuka. Ba ta katse ni ba har na gama, sannan ta ce, "Kin taɓa ganin manomin da ya sayar da gonarsa don rani ya shigo?" Na ce a'a Mama. Ta ce to Mai gonar bai sayar da ke ba. Ta nuna min ruwan ta ce wannan ba yau ya sauko ba, na damina ne ya taru, shi muke ɗiba bokiti bokiti har sama ta sake buɗewa, ke ma abin da Allah ya zuba miki a damina ki ɗebo shi yanzu, ko aya ɗaya ce a rana ta isa. Mama ko firamare ba ta gama ba, amma ranar na koma gida na buɗe Farawa 8:22 inda Allah ya yi wa Nuhu alkawari cewa muddin duniya tana nan shuka da girbi, sanyi da zafi, damina da rani, dare da rana ba za su daina ba, na ga ashe rani yana cikin alkawarin, Allah ne da kansa ya sa shi a lissafi.

Ku zo mu ɗan zauna kan Iliya, 1 Sarakuna sura 18 da 19, don ni labarin nan ya riƙe ni sosai. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a wuta ta sauko, ya sake addu'a aka yi ruwa bayan shekaru ana fari. Wace damina ce ta wuce wannan? Amma saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu har Biyersheba, ya bar baransa a can ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna gindin wani ɗan itace ya ce ya isa haka Ubangiji ka ɗau raina. Annabi guda fa! To me Allah ya yi masa? Bai ce ina bangaskiyarka ta jiya ba, bai sa shi azumi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ga gurasa ga tulun ruwa, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashinsa a karo na biyu ya ci don tafiyar da nisa. Sai da ya yi kwana 40 ya kai Horeb kafin aka yi maganar da za a yi, ita ma ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, cikin 'yar siririyar murya. Kuma shi da yake cewa ni kaɗai na rage, aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Allahn da ya aiko da wuta a Karmel shi ne ya kawo abinci a jeji, ƙaunar ɗaya ce, yanayin Iliya ne ya canja.

Yahaya Mai Baftisma ma da ya nuna Yesu da hannunsa, da ya daɗe a kurkuku sai ya aika a tambaya, kai ne mai zuwan ko mu jira wani? Bayan wannan tambayar ce fa Yesu ya shaida cewa cikin waɗanda mata suka haifa ba a yi wanda ya fi shi ba, yana nan a Matiyu 11. Ga kuma Zabura 88, tun daga farko har ƙarshe kuka ne, da duhu ma ta ƙare, amma Allah bai cire ta daga Littafinsa ba.

Kuskuren da na yi shekara biyu shi ne ina auna ƙaunar Allah da abin da nake ji a jiki. In tsigar jikina ta tashi a sujada to yana sona, in ba ta tashi ba ya juya min baya. Alhali ji yana bin yunwa, yana bin rashin barci, yana bin bashi da ciwo. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, wato an gama maganar a kan gicciye tun ba a haife mu ba balle mu ji wani abu. Bulus kuma a ƙarshen Romawa 8 ya jero mutuwa da rai, na yanzu da na gaba, ya ce ba wanda zai iya raba mu da wannan ƙaunar. Bushewar wata biyar ba ta fi mutuwa ƙarfi ba.

Mu 'yan Jos ma kullum muna wucewa ta asibitin Jankwano mai ɗauke da sunan Bingham, wani Bature ɗan mishan. Shi da abokansa biyu, su uku suka sauka Legas a 1893 don kawo bishara, cikin 1894 biyu suka mutu, shi ya koma gida ba mutum ɗaya da ya tuba a hannunsa, ya dawo ciwo ya sake kora shi, sai a karo na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aikin ikilisiyar ECWA ta fito. A shekarun nan na tsakiya wa zai ce masa akwai girbi?

To ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana cikin rani yanzu dan Allah kar ka bar zumunta, ko bencin baya ne ka zo ka zauna, in ba ka iya waƙa ba bari namu ya ɗauke ka. In addu'a ta ƙi fita ka karanta Zabura 42 da ƙarfi ta zama addu'arka. Ka ci abinci, ka yi barci. Ka samu mutum ɗaya mai riƙe sirri ka gaya masa gaskiya, in kuma abin ya kai ba ka iya tashi daga gado ko tunanin mutuwa yana zuwa maka, ka ga likita, wannan ba rashin bangaskiya ba ne ko kaɗan. Ku kuma da kuke cikin damina yanzu mun gode wa Allah dominku, ku haddace ayoyi ku tara, kuma ku sassauta harshe a kan na kusa da ku.

Nawa ranin ban ma san ranar da ya wuce ba. Ba a wani babban taro ba ne, wata safiya ce ina wanke-wanke na ji ina rera waƙar da mamana take yi in tana tankaɗe, hawaye na zuba, na ajiye kwanon na ce Baba na gode. Maigidana bai samu aiki ba sai bayan watanni.

Ƙanwar tawa mun yi da ita duk Alhamis ƙarfe 5 za ta zo gida mu karanta zabura ɗaya mu sha shayi, ko ta ji wani abu ko ba ta ji ba. In akwai 'yar'uwa a nan Jos da take son ta haɗu da mu ta turo min saƙo, akwai kujera.