Milimita ɗaya da rabi, wai ba a cin ta

Jiya da hantsi wani mai sayar da katako ya mayar da ni abin dariya a gaban yaran shagonsa. Laifina kawai na zo da abin awo a aljihu. Har yanzu raina bai huce ba.

Ni malamin lissafi ne. Abin da nake rage dare da shi wata 'yar na'urar sassaƙa ce mai aiki da kwamfuta, CNC, irin ƙaramar nan 3018 da filin aikinta bai wuce santimita 30 da 18 ba. Ka zana abu a kwamfuta, ita kuma ta bi layin da bakin ƙarfenta ta yanka. Wata biyu na kwashe ina saita ta. Na ɗaure kowace ƙusa, na kashe girgizar da ke tsakanin sandar zare da goronta, na gyara lissafin takunta, taku 800 a kowace milimita, har ta kai in na ce ta yi tafiyar milimita 100, in na auna 100 ɗin nake gani. Da hunturu kullum sai na goge mata ƙura da tsohon buroshin haƙori kamar mai yi wa jariri wanka.

Akwatin Alƙur'ani nake so in yi wa Hajiyarmu, wanda ba ƙusa ko ɗaya, sai haƙora masu shiga juna a kusurwa, murfinsa da dagi irin na bangon tsoffin gidajen Birni. Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san kaurin katako shi ne komai. Ka zana gurbi na milimita 10, katako ya zo 8.5, akwati sai rawa kamar haƙorin tsohuwa.

To, na je wajen masu katako na ce a ba ni fallen filawud na 10. Yaro ya jawo, na biya jika tara. Kafin a ɗora wa mai kura sai na zaro ma'aunin kauri na maƙala a gefe. 8.5. Na koma ɗaya gefen, 9.1. Na ce watakila idona ne, na goge ma'aunin da bakin riga na sake. Haka dai.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan bai kai 10 ba."

Bai ko ɗago ba, yana ta jan carbi yana latsa salula. Ya ce, "Na 10 ne."

Na matsa na nuna masa lambar. Sai a lokacin ya dube ni, daga hula har takalmi, a hankali, kamar mai taya rago. Ya ce, "Mushe, wannan ƙarfen na asibiti ne? Zazzaɓin katakon kake aunawa?"

Yara suka tuntsire. Har mai shayin da ke gefe ya ajiye buta ya matso kallo.

Na haɗiye, na ce na'ura ce za ta yanka, ita kuwa ba ta san a yi maneji ba. Ya ce, "Ayyo! Injin ne ya aiko ka. To ka koma ka gaya masa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shekara 30 ina wannan sana'a, kafintocin garin nan kaf a hannuna suke saye, ba wanda ya taɓa zuwar mini da tsinke. Milimita ɗaya da rabi cinta ake yi?"

Na ce, "Ba a cinta, Alhaji, amma na biya kuɗinta."

Nan ne fa ya ajiye salular. Ya ce kuɗin da ya shiga aljihun teburinsa ba ya fita. In ina son katakon da ya cika cif, mota na nan a tasha, Kano ba nisa, in kuma can ma bai yi mini ba in wuce Faransa. Sannan ya juya ya ce wa yaron, da ƙarfi don kowa ya ji, "Ɗora wa injiniya kayansa, yana sauri, jirgin sama yake ƙerawa."

Madalla, Alhaji. Allah ya ƙara shekaru 30. Ashe tsawon wannan lokaci ana aske wa Damagarawa milimita ɗaya da rabi a kowane falle, kuma abin alfahari ne tunda ba wanda ya auna. Mutum da carbi a hannu, ya san Suratul Muɗaffifina sarai, amma a wajensa tauye mudu a kan hatsi kaɗai ya tsaya.

Da a ce katakon ne kaɗai da na yi shiru. Wannan na'ura ba ta da abokin gaba irin kuran, wato wutar lantarki. Ana tsakiyar aikin awa biyu sai ɗif, bakin ƙarfe ya maƙale cikin katako, ita kuma ta manta inda ta faro. Ka dawo ka nemi sifirin da ido, ka kuskure da rabin milimita, zane ya fito da tabo biyu. Wata rana wuta ta dawo da ƙarfinta ta ƙone mini akwatin caji. A watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana layi, zane na lulluɓa wa na'urar kamar gawa. In bakin ƙarfe ɗaya ya karye kuwa, sai ka jira mai zuwa Kano ko Yamai, ko ka yi odar abin da bai kai tsawon ashana ba ya yi wata biyu a hanya.

Kuma ina ganin laifin Alhaji? Wa ya taɓa zuwa shagonsa ya ce bari mu ga awonka? Masu karɓar haraji sun san ƙofar kowane shago a Kasuwar Dole, ba sa ɓata hanya ko da rana ɗaya, amma mai duba tiyar da aka buga wa gindi, ko kwalbar man da ba ta cika lita ba, ko rodin gini da ake kira na 10 alhali ya rame, ban taɓa haɗuwa da shi ba. Damagaram, garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926, matatar mai a gefensa tun 2011, yuraniyom ya yi shekaru yana fita daga Arlit yana haska biranen wasu, mu kuwa muna lalube. Madatsar Kandaji tun 2008 ake mana albishir da ita. A taro kowane mai babbar riga sai ya ce matasa su koyi sana'ar hannu, su ƙera na gida. Da me? Da katakon da ke da kauri biyu a falle ɗaya?

Mu ma ba mu tsira ba. Birkila ya ja bango a karkace mu ce ba komai, tela ya rage hannun riga mu ce ba komai. Ran da wani ya fito da ma'auni, shi ne mai iyayi, shi ne ɗan boko. Da safe ina koya wa yara a aji cewa 8.5 ba 10 ba ce, ina jan kunnen wanda ya rubuta akasin haka, sai ga shi ɗaya daga cikin masu yi mini dariya a shagon nan tsohon ɗalibina ne.

Da daddare na zauna na sake zana kowane haƙori daidai da kaurin gefen da za a yanke shi, gurbi 24, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaure katako, na saita sifiri, na kunna. Ta yanka bakwai aka ɗauke kuran.