A Bar Ɗan Itace Ya Nuna Mana!

Wai me ya sa mutanenmu ba sa iya barin ɗan itace ya nuna a kan uwarsa? Mutum ya biya kuɗin mota ya je lambun shuke-shuke a Jos domin ya ga tuffa da inabi, waɗanda sanyin Filato ya karɓa, sai ya tarar an kakkaɓe rassan tas. Ga fiya ɗanya an gatsa an yar, da shatin haƙori a jikinta, ga ruwan duwatsu kamar ana korar ɓarawo, allon sunan bishiyar ma an tumɓuke shi. Atilin da sai an jiƙa a ruwan ɗumi yake ciwuwa, wa ya ce a tauna shi a gindin bishiya? Yunwar shekara bakwai ce ta koro su?